An Yi Wa Fulawata Rajista

Ranar Talata faktir ɗin ruwa, wato takardar kuɗinsa, ya iso gidanmu na haya a Treichville, aka baza tabarma a tsakar gida don rabon kuɗi, kai da kai, yadda aka saba. Baba mai karɓar haya ya zo kan ɗakina ya ce mutum biyar. Na ce, "Baba, ai mu huɗu ne." Ya ɗaga carbi ya nuna gwangwanayen tumatir da na shuka fulawa a ciki na jera a ƙofa, ya ce, "Waɗancan fa, Malam? Iska suke sha?"

Shi ke nan, fulawa ta zama 'yar haya.

Ban yi gardama ba, sharaɗi kawai na kafa. Tunda mutum ce, a sa ta a layin wankin bayi, ranar Alhamis ta dace da ita. In an yi haihuwa a gidan a kai mata goron suna. Ranar Layya a ware mata kasonta, ko hanji ne. A kuma nema mata takardar zama, kada a kama ta a hanyar gadar Houphouët-Boigny a ce baƙuwa ce, ni ba ni da kuɗin beli. Baba ya ce in daina wasa da manya. Na ce shi ya fara.

Abin da ke ci mini rai, tun da ɗan ruwan Oktoba da Nuwamba ya ɗauke, baiwar Allahn nan ba ta taɓa ganin sabon ruwan famfo ba. Ruwan alwalata take sha. A kanta nake tsugunawa da buta, abin da ya zubo daga gwiwar hannu shi ne abincinta har damina ta dawo. Ruwan da na riga na biya, yanzu a ce in sake biya. Amma Hajiya ta ɗakin ƙarshe, wadda baƙinta suka zo daga Maraɗi "kwana biyu" tun kafin azumi, kowannensu yana wanka safe da yamma, su ba a gansu ba. Baƙo ai ba a ƙirga shi, in ji Baba, rahama ne.

Kuma masu cewa tana shanye ruwan, su ne ke cinye ta. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya: "Malam, wannan maganin mene ne?" Ka ce ba maganin komai ba ce, kallo kawai ake yi, sai ya dube ka kamar wanda ya sayi akuya don ta riƙa yi masa hira. Washegari ka tarar an tsinke rabin ganyen, wani ya ji an ce tana maganin basir. Wani ya juye mata tukar shayi, wai taki ne. Yaron da aka aika sayen abincin garba ya zuba mata man kifin da ya rage a leda, don tausayi. Lambun shuke-shuke na Bingerville yana nan tun 1904, na tabbata da a tsakar gidanmu aka dasa shi, da bai kai Juma'a ba.

Ɗan'uwana na Adjamé ya ce ni na so wahala. Shi a kasuwar Forum ya sayi tasa, ta roba, 'yar Sin, ja jawur, ba ta san rani ba. Shekara ta zagayo bai raba ta da ledarta ba, kada ta tsufa. Duk Juma'a uwargidansa kan fito da ita, ta kwance ledar, ta wanke ta da Omo, ta ɗauraye a bokiti biyu, ta shanya, ta fesa mata turare, ta mayar da ledar. Baƙi su zo su yi ta "Masha Allah, kamar ta gaske!" Har wata tsohuwa ta roƙi iri, ya ce ta bari sai ta yi 'ya'ya.