Ciwon Da Alat Ke Warkarwa

Wata kalmar Turanci ta zama ruwan dare a bakin manyan Abuja, wato "unsettled". Masu ƙamus sun ce ana nufin hankali ya ƙi kwanciya, ko mutum ya rasa matsuguni. To, wannan a Ingila ke nan. A nan, idan Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Wallahi kwana biyun nan ansetil nake jin kaina," kada ka wahala neman likita. Nufinsa ba a sallame shi ba tukuna.

Tun zamanin Janar Babangida, wanda ya kwaso gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, 'yan Najeriya suka ɗinka wa "setil" sabuwar riga: a toshe bakin mutum da ɗan hasafi. Wanda rabon bai kai kansa ba, shi ne mara lafiya.

Alamomin ciwon ba sa ɓuya. Majinyacin kan tare a falon otal a Maitama, waya biyu a hannu, shayi ɗaya tun hantsi har la'asar. Da dare yana gidan rediyo yana rantsuwa cewa talaka ya shiga uku, shi kam barci ya ƙaurace masa. Ranar da aka naɗa shi shugaban wata hukuma, ko alat ya shigo, sai ka ga ikon Allah: an samu sauƙi. Tambaye shi kuɗin buhun shinkafa yanzu, zai ce a ƙara haƙuri, a dage da addu'a.

Shi kuwa ƙaramin ma'aikacin da ke barin Mararaba kafin asuba, ya sha cunkoson Nyanya kafin ya ga ƙofar Sakatariya, ga mai gida na neman hayar shekara biyu a dunƙule, ga iyali a Kaduna sai Juma'a ya ruga tashar Idu neman tikitin jirgin ƙasa, bai taɓa furta kalmar ba. In ka ce yaya aiki, amsarsa ɗaya: "Da godiya." Gwarawan da aka tasa daga gonakinsu don a gina birnin ma ba wanda ya tambaye su yadda suke ji.

Saboda haka, mai karatu, in wani babba ya kira ka da tsakar dare yana kukan ansetil, in kana da hali ka nemi lambar asusunsa. In babu, ka ce sabis ba kyau.