Idan Allon Kwamfuta Ya Yi Shuɗi

A shagunan gyaran kwamfuta na Birnin Kebbi, ba abin da ke tona halin mutum kamar allo ya rikiɗe shuɗi.

Dalilinsa sananne ne. Kwamfuta tana da cibiya, kanel, mai rabon ƙwaƙwalwa da aiki, kuma direbobi, ƙananan manhajojin da ke magana da firinta ko katin Wi-Fi, da yawansu a cikinta suke zaune. Manhajar yau da kullum in ta yi kuskure ita kaɗai ke mutuwa. Direba kuwa in ya taɓa gurbin da ba nasa ba, sai Windows ta tsayar da komai.

In Alhaji ya kawo kwamfutarsa shago, mai fara isowa shi ne Malam A-Yi-Fomat. Kafin Alhaji ya gama sallama ya zaro filas: "Bairus ne, Alhaji, sai an goge." Hotunan biki, rasit, kundin digirin yaro, duk su tafi. Bayan mako shuɗin ya dawo, domin gurgun direban nan shi ya sake ɗorawa da hannunsa.

Sai Ɗan Kashe-Kunna. Da ana yi masa dariya, har ranar 19 ga Yulin 2024, da wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi a Amurka. Microsoft da kanta ta ce wasu sun farfaɗo bayan an kashe an kunna har sau 15. Tun ranar ba ya jin maganar kowa.

Ɗan Linux ba gyara ya kawo shi ba, wa'azi ya zo yi. In tasa kwamfutar ta faɗi, sai ya rufe murfi ya ce lokacin salla ya yi.

Akwai ɗalibin da ya karanta babi biyu ya ce zai rubuta direba. Windows ba ta barin direba marar sa hannu ya shiga kanel, yadda masunci ba ya faɗawa kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu sai an ba da izini. Shi fa sai ya kashe wannan tsaro, ya gwada a kan kwamfutar yayarsa, wadda aikinta na ofis ke ciki. Yanzu a gidan aboki yake kwana.

Can a lungu akwai wanda ba ya hayaniya, kuma shi ne gwanin. Ya buɗe ɗan fayil ɗin da Windows ke ajiyewa a Minidump lokacin faɗuwa, ya sa shi a manhajar WinDbg, ya bi sawu har sunan direban da ya yi laifi ya fito. Ya cire, ya sa na gaskiya, minti goma an gama. Alhaji ya dubi agogo, ya dube shi.

"Malam, ai ko sukuru ba ka kwance ba. Kuɗin me zan biya?"