Wai Sanyin Ingila Ya Taɓa Mini Ƙwaƙwalwa

Tun ranar da na ce daga cikin bas nake kunna ɗumin gidana da waya a Manchesta, wasunku suka yanke hukunci: sanyi ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Wani Alhaji ma cewa ya yi, "Malam, kasko da gawayi sun ƙare ne a Ingila?" Ranka ya daɗe, kai da jaurar 'yan makonni take hana ka wanka sai azahar, kai ne za ka koya mini zaman sanyi? Nan tun Oktoba ake fama har Afrilu. Kuma wanda ya rufe tagogi ya hura gawayi a ɗaki, da safe makara za a kawo masa.

Amma a wuri ɗaya kun ci ni: abin bai zo da sauƙi ba. Ni ma da farko na ɗauka sayen na'urar sarrafa ɗumi ne kawai. Na liƙa ta a bango, na yi ta latsa waya, uwargida tana kallona cikin bargo biyu tana cewa, "Maigida, latsa da ƙarfi mana." Ashe tusa ba ta hura wuta.

Mai gyara ya zo da katinsa na Gas Safe, don a nan doka ba ta yarda mai gyara ya taɓa gas ba sai mai rajista. Ya leƙa tukunyar ɗumama ruwa, ya hau saman silin ya ga tsohon tanki, ya girgiza kai. Ya ce tsarin namu na zamanin da ne: ba a ɗumama ɗakuna sai an ɗumama ruwan wanka tare, kuma tukunyar abu biyu ta sani, kunnawa da kashewa. Na'urar zamani tana ba da umarni, babu mai ji. Wayar da ke cikin bango ta fi wayar da ke hannu iko.

Sai da aka sauya tukunya da wadda ke jin yaren OpenTherm, mai rage wuta a hankali maimakon ta yi ta tashi tana mutuwa. Kowane lagireton bango aka sa masa bawul mai batir. Yanzu falo na kan digiri 19, ɗakin baƙi kuwa ba ya cin gas sai an yi baƙo.

Kun ce almubazzaranci ne? Ku tambayi wanda ya biya kuɗin gas a ƙasar nan a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren. Ɗumama ɗakin da babu kowa shi ne almubazzarancin.

Alhaji, ɗakin baƙin nan naka ne in ka zo a Janairu. Ka dai tuna ɗuminsa yana cikin aljihuna. Ka janye maganar kasko kafin jirginka ya sauka.