Kififiyarsu Da Dinyarmu

Zuwa ga taubashina,

Kuɗin shararka na bana suna tafe, sai ka daina kai ƙarata gidan Kawu. Kafin su iso, gyara zama ka sha karatu, tunda dai ban san ka da wata sana'a ba in ban da lashe yatsa a gaban mai soyayyen kifi.

A nan tsibirin Tirinidad akwai wani ƙauye a bakin teku, ana ce masa Matura. Daga watan Maris zuwa Agusta mutane kan yanki takardar izini, su biya ɗan jagora, su bi shi cikin dare suna taka rairayi, don kawai su ga kififiyar teku ta fito ta haƙa rami ta zuba ƙwai. Babbarta takan haura kilo 300. Da kai ne, da tuni ka aika a daka yaji. Su ma can baya yanka ta ake yi a bakin ruwa, har zuwa 1990 da gwamnati ta killace wurin, mutanen ƙauyen kuma suka kafa ƙungiyar Nature Seekers, suka zama su ne masu gadi, su ne 'yan jagora. Lissafin da suka yi bai da wuya. Wadda aka yanka sau ɗaya ake cin ta, wadda aka bari kuwa takan dawo bayan shekara biyu ko uku, baƙi na biye da ita da kuɗi a aljihu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, irin wannan arziki yana kwance a fadamar Haɗeja. Idan sanyi ya kama Turai, agwagin daji da sauran tsuntsaye sukan tsallake Bahar Rum da Sahara su sauka a Baturiya da Dagona, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayin duniya na Ramsar, a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya tako har Dagona a 1989. Kai kuwa kuɗin mota zuwa Baturiya ya fi ƙarfin rowarka.

Na san abin da za ka ce, don bakinka ba ya hutu: mai jin yunwa ba ya kallon tsuntsu, kuma tsuntsu ne ke cinye mana shinkafa. Gaskiya ne jan-baki na yi wa manoma ɓarna, amma tambayi inda yake fakewa, za a nuna maka kachala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta sauya. Inda a da yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu yana kwance shekara duka, kachala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyinsa, gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe. Duk wanda ya sare kachalar ya buɗe hanyar ruwa, ya taimaki manomi da masunci da makiyayi da tsuntsu a lokaci guda, don ruwa ɗaya suke sha.

Za ka kuma ce wa zai zo? Ba sai mun jira Bature ba. Ɗaliban Kano da Dutse da na cikin garin Haɗeja sun isa a fara da su. Masuntanmu sun san kowane lungu na ruwan nan, sun san sunan kowane tsuntsu da lokacin zuwansa, ga kwale-kwale a hannu. Mai fura za ta yi ciniki, mai kifi ma haka. Hanya da tsaro haƙƙin hukuma ne, kuma sai ta ga jama'a na zuwa take motsawa.

Saboda haka idan hunturu ya shigo, kwashi yaran gidan nan ka kai su Baturiya da sassafe. Su bar danƙonsu a gida, kai kuma ka biya mai kwale-kwale abin da ya faɗa, ban da ciniki. A gaishe da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Taubashinka