Gaishe Ka Sarkin Rumbu, Mai Ajiya Ba Kwafi

A gaishe da namijin duniya, gwanin na'ura, injiniyan da bai taɓa zama gaban malami ba, bai kuma taɓa ƙasƙantar da kansa ya buɗe littafin umarni ba. Abuja cike take da manya daga Asokoro zuwa Maitama, amma irin Sarkin Rumbu sai an tona. Yana nan Gwarinpa, yana Kubwa, yana Lugbe, domin Allah cikin falalarsa bai hana kowace unguwa nata ba. Shi ne maigidan da ya dubi Google da sauran kamfanonin Amurka masu karɓar ajiyar hotuna da takardu, ya rantse ba za su riƙa tatsarsa da dala duk wata ba. Ya kafa sabarsa a ƙarƙashin matakalar bene, ya ɗora mata manhajar TrueNAS, ya ba da umarni kowa a gidan ya juye abin da ke wayarsa a ciki, sannan ya goge na wayar don a samu wuri. Hotunan biki da na suna, bidiyon saukar Alƙur'ani, takardun makarantar yara, takardun fili, duk suka hallara wuri guda ƙarƙashin inuwar adalcinsa.

Dubi yadda aka yi ginin, ka ga hikima. Manyan faifai huɗu ya sayo, kowanne terabayit takwas, kuɗinsu ya isa sayen ragunan layya na zuri'a guda. Ya jera su bisa tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, yadda ko faifai ɗaya ya mutu sauran za su riƙe kayan. Da aka zo kan faifan tayarwa, wato ɗan ƙaramin da manhaja ke zaune a kai, wanda in babu shi na'urar ba ta ko san sunanta ba, sai basira ta motsa. Ya laluba aljihun wata tsohuwar jaka ya zaro filash ɗin da aka raba kyauta a wani taron ƙara wa juna sani, har da tambarin masu taron a jiki. Masu TrueNAS sun daɗe suna gargaɗin a guji tayar da saba daga filash, saboda ƙwayoyinsa suna da iyakar rubutun da za su ɗauka kafin su gaji. Gargaɗi kuwa na matsorata ne. Sarkin Rumbu ya ɗauki gidan miliyoyi ya dasa shi a kan tubali guda na kyauta, kuma duk mai hankali ya san nan ne tattali ya kai maƙura.

Bai tsaya nan ba, gagara misali. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ya ga bai dace manyan faifai su kwana suna juyawa ba. Sai ya mayar da duk rubuce-rubucen da na'urar ke yi wa kanta dare da rana kan filash ɗin nan. Da ma TrueNAS kan adana kwafin saitinta da kanta kullum da ƙarfe 3:45 na asuba, a wurin da aka ware wa waɗannan rubuce-rubucen. Da dabara ɗaya ya ninka wa filash aiki, ya kuma tabbatar cewa ran da ya mutu zai tafi da kwafin saitin gaba ɗaya. Ba kowane shugaba ke iya haɗa kan asali da kwafi su zauna lafiya a gida ɗaya ba.

Maganar wuta kuwa, tawakkalinsa abin a rubuta ne da ruwan zinare. Akwai UPS, wato na'urar riƙe wuta idan an ɗauke, a gefen sabar, batirinta ya rasu tun damina biyu da suka wuce, amma an bar ta a wurin saboda kwarjini. A ɗauke wuta saba ta faɗi, a tayar da janareta ta tashi, a dawo da wuta ta sake faɗuwa, ƙurar hunturu ta toshe fankarta, zafin Maris ya gasa ta. Duk wanda ya yi ƙorafi, Sarkin Rumbu yana da hujja daga tarihi. A Yunin 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta shafe sabobin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Kwafi ɗaya tak na kundin da ke tafiyar da hanyar sadarwarsu ya tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta a lokacin, aka biyo da faifan ta Najeriya zuwa Ingila. To, in ɗauke wuta ta ceci Maersk sau ɗaya, ina ga gidan da ake samun wannan kariya sau biyar a yini?

Na'urar, da yake ba ta da tarbiyya, ta yi ta damunsa. Ta kunna jan gargaɗi a allonta, ta aiko imel cewa faifan tayarwa ya fara samun kurakurai. Mai haƙuri, mai kawar da kai daga ƙananan maganganu, ya tura saƙonnin kwandon shara. A shafin saiti akwai maɓalli guda da ake dannawa a sauke fayil ɗin saiti, ɗan mitsitsin da bai kai nauyin bidiyon WhatsApp ɗaya ba, wanda da shi ake mayar da komai yadda yake cikin mintuna. Shekaru yana wuce maɓallin nan bai taɓa shi ba. Wannan kamun kai ne da ko zahidai sai su yi sha'awa.

Ranar da filash ya amsa kira, fanka na juyawa, fitilu na ƙyaftawa, allo baƙi ƙirin da layin rubutu ɗaya mai cewa ba a ga abin tayarwa ba. Uwargida ta leƙo ƙarƙashin matakala.

"Alhaji, hotunan bikin yarinyar nan fa? Surukai ke tambaya."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Hutawa take yi."

Ya kashe ya kunna. Ya zare filash ya hura masa iska ya mayar. Ya bubbuga gefen akwatin da tafin hannu, irin bugun da kakanninmu suka gyara rediyo da shi. Da ilimin gado ya ƙare, ya nuna tawali'un manya, ya aika a kira ɗan ƙanwarsa da ke karatu a Jami'ar Abuja, domin yaron ya samu damar koyo.

Yaron ya tafi kasuwar Banex da ke titin Aminu Kano a Wuse 2, ya sayo ƙananan faifan SSD biyu. Ya fara da cire wayoyin manyan faifai huɗun, kada a yi kuskuren zuba manhaja a kansu. Ya ɗora TrueNAS a kan sababbin biyun, kowanne madubin ɗan'uwansa, ya mayar da wayoyin. Nan jarumtar Sarkin Rumbu ta bayyana, ya miƙa yatsa zai danna inda aka ce a ƙirƙiri sabon rumbu.

"Kawu, don Allah tsaya! In ka danna nan komai ya goge."

"Na sani, yaro. Gwada ka nake yi."

ZFS yakan rubuta bayanin rumbu a jikin kowane faifai, biyu a farko biyu a ƙarshe, don haka umarnin shigo da tsohon rumbu kawai yaron ya bayar, hotuna suka dawo. Sauran aikin, wato sunayen masu shiga, kalmomin sirri, izinin wa zai ga me, sai da ya sake gina su ɗaya bayan ɗaya har asuba, tun da babu fayil ɗin saiti. Kawu yana kan kujera yana sa ido cikin barci, kamar yadda ya dace da mai kula da aiki.

Saura ɓangare ɗaya, kuma nan ne kambun ya cika. Takardun fili da na gado ya kulle su da mabuɗin sirri, mabuɗin kuma ya bar shi a cikin filash. Kullen ZFS ba ya sanin maigida, ba ya jin magiya. Yau ɓarawo ba zai karanta takardun nan ba, ɗan damfara ba zai karanta ba, magada ba za su karanta ba, shi kansa Alhaji ba zai karanta ba. Wane banki ne a Abuja ya taɓa kai tsaro wannan matsayi?

Masu ƙaramar zuciya suna bin ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen gida. Har suna cewa jera faifai yana kare mutum daga mutuwar faifai kaɗai, ba ya hana gobara ko sata ko kuskuren yatsa. Sarkin Rumbu ya fi ƙarfin wannan waswasi. Washegari ya sanar a majalisa cewa ya farfaɗo da sabarsa da hannunsa, ya sallami yaron da kuɗin mota zuwa Gwagwalada, sannan ya zare SSD ɗaya ya sa a kwamfutarsa ta hannu, domin faifai biyu a kan aiki ɗaya almubazzaranci ne. Maɓallin saiti yana nan da mutuncinsa, ba a taɓa shi ba.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da kada su bar wannan baiwa tana ruɓewa a ƙarƙashin matakala. A ɗauko shi a damƙa masa kundin filaye, da na fansho, da rajistar masu zaɓe. Ya riga ya nuna cewa abin da aka ba shi ajiya, babu mahaluƙin da zai ƙara ganinsa.