Jinjina ga Sarakunan Rusau

Mu mutanen Ɗan Barto da ke zaune bakin iyaka, masu cin kasuwa a Kwari da Kurmi, Kanawa sun daɗe suna bin mu bashin yabo, kuma yabon gwani ya zama dole. Gaishe ku magada Dabo, iyayen gidan katafila, masu mai da bene fili kafin kiran assalatu! A Damagaram, ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ita mun bar wa damina da iska suna gutsurarta sannu a hankali, aikin ragwaye. Ku kuwa ba ku jira ruwan sama ya yi muku abin da hannu zai iya ba.

Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ɗora wa Kano wannan kaya mai nauyi na ganuwa, Muhammadu Rumfa ya ƙara mata faɗi a ƙarni na 15. Da Nasara suka zo a 1903 suka kafa mata igwa, jar ƙasar ta yi ta haɗiye harsashi, sai ta ƙofa suka sami shiga. To, abin da ya gagari igwa, takardar fili mai hatimi ta gama shi cikin ruwan sanyi. Mai tubali ya ɗebi rabonsa, mai gidan mai ya yanki nasa, mai shaguna ya share ragowar, har yaro ya tashi a gindin badala ba tare da an wahalar da idonsa da ganin badala ba. Wannan ita ce tarbiyya.

A 2007 Najeriya ta sa ganuwar a jerin wuraren da take fata UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Kano, mai kunyar idon baƙi, ba ta bari su zo su tarar da tsufa ba: a 2010 aka kwantar da Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka tsayar da ta siminti a madadinta. Daidai ne. Ƙofar da ta shekara ɗaruruwa a tsaye ba ta koyi ba mota hanya ba, ai ita ta ja wa kanta.

Amma inda baiwar ta kai maƙura shi ne yadda gwamnoni biyu da ba sa ga-maciji suka haɗa hannu a aiki guda. Zamanin Abdullahi Ganduje, mai kyautar da ba ta san shinge ba, filin Idi ya haifi shaguna, Otal ɗin Daula da sansanin alhazai da Filin Sukuwa suka sami sababbin iyayen riƙo. Abba Kabir Yusuf ya sha rantsuwa ranar 29 ga Mayu 2023, mako bai cika ba katafila ta fita gaisuwar dare. Wancan ya share tsoho ya dasa sabo, wannan ya tuge sabon, Bakano ya sami kufai biyu a fili ɗaya. Wane birni ne a duniya ya taɓa samun irin wannan ribar? Hatta shataletalen ƙofar gidan gwamnati, da aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, shekara shida kacal aka bar shi yana shan rana, aka hutar da shi tun bai san wahalar tsufa ba.

Direbobinmu ma sun ƙaru. Yanzu kwatance a Kano da abin da babu ake yi: ka wuce inda Daula take a da, ka karya inda ganuwa ta taɓa tsayawa. Baƙo ya dawo gida da kaifin ƙwaƙwalwa.

Talaka kuma ba a manta da shi ba. Ƙura ba ta lafa ba matasa suka shiga kwasar ganima, mai rodi da rodi, mai ƙyaure da ƙyaure, sana'a ta samu ba tare da an buɗe masana'anta ko ɗaya ba. Da Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, aka zauna aka daidaita a kan biliyan 3, daga baitulmalin jama'a. Mutumin Kano ya ba da fili, ya biya kuɗin rushewa, ya biya diyya, lada uku a wuri guda.

Sai kuma albishir mafi daɗi, da gwamnati ta ce da ɓaraguzan gine-ginen da ta rushe za ta gyara ganuwa. Ranku ya daɗe, ko Gijimasu bai hango wannan hikima ba, shi da ya tsaya wahalar kwaɓa ƙasa. Allah ya ƙara wa katafila mai, ya kuma nuna mana gwamna na gaba lafiya, don shi ma ya sami abin rushewa.