Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Hunturu

Malam Hunturu,

Bayan gaisuwa, wadda nake yi da baki a tsuke don in na wage shi leɓe zai tsage, ina rubuto maka ne daga Gatawa, ta ƙasar Sabon Birnin Gobir. Ka san garin sarai, tunda nan kake sauka tun Nuwamba, ba ka naɗe tabarmarka sai Fabrairu ta wuce. An ce baƙo raɓa ne. Kai da ka zo, raɓar ka fara shanyewa.

Na ji labarin asalinka. Wai daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi kake ɗebo farin garinka, inda tsohon tafki ya ƙafe, ka keto Nijar, ka biyo ta Maraɗi ba mai tambayarka takarda a bakin iyaka, ka zo ka juye mana a gira da gemu. Yaro ɗan shekara goma ya wayi gari da furfura.

Ƙurar na iya haƙura da ita. Ƙorafina a kan zane ne. Mu Gobirawa muna da namu a fuska, shida nan, bakwai can, wanzami ya yi aka biya shi ladarsa. To wa ya aike ka ka ƙara mana a diddige? Jiya na ƙirga faso tara a ƙafar dama kaɗai. Kaushina kuwa in na juya cikin dare sai in ji bargo yana kuka. Taubasanmu Yarbawa da ke cewa mun yi faɗa da kyanwa, in suka ga wannan ƙafar ai sai su ce kura ce.

Masu noman rani ka fi zalunta. Mutum ya wuni cikin laka a fadama yana ba albasa ruwa, ya fito ka busar da shi kamar kilishi, gobe ya koma. Jiƙa da bushewar nan ita ke fasa fata. Haka masu wanki da sabulu mai soda, hannu ya yi furu-furu.

Amma ka sani asirinka ya tonu. Ashe ruwan da ke cikin fata kake tsotsewa, kuma mu ke buɗe maka ƙofa. Saboda ɗari sai mu tafasa ruwa kamar za a fige kaza, mu dirje jiki da soso, ɗan man da Allah ya shafe mu da shi ya bi rariya. Daga nan mu kafa ƙwauri a bakin wutar kara har ya gasu. Yanzu gidanmu ruwan ɗumi ne, wanka gajere, kuma kafin jiki ya tsane a bi shi da mai, a kulle danshin a ciki. Inna ta daɗe da sanin haka, mu ne muka raina man kaɗanyarta don ba ya cikin kwalba mai hoton mace. Shi kansa basilin, da wani Ba'amurke Robert Chesebrough ya yi wa rajista a 1872, daga dattin rijiyar fetur ya samo asali. Ina kyautata zaton sarkinmu na da, Bawa Jan Gwarzo, da man shanu ya tare ka a Alƙalawa, bai jira kanti ba.

Da dare ina jiƙa ƙafa, in goge kaushi da dutse a hankali, in laɓta mai, in sa safa. Leɓe na daina lasa, don yawu ƙara bushe shi yake. Ruwa ina sha ko ban ji ƙishirwa ba. Baffana mai ciwon suga kuwa mun hana shi yanke kaushi da reza. Fasonsa ya yi ja muka kai shi asibiti, don irin nasu ba ya son wasa.

Alheri ɗaya na shaide ka da shi: sauro ya yi sauƙi.

Roƙona na ƙarshe, tunda dole sai ka fasa ƙafar wani, ka bar talakan da ko barci bai ishe shi ba. Ka shiga daji, wajen mutanen nan da ke hana mu zuwa gona. Ka san inda suke.

Naka mai faso,
Wani Bagobiri, Gatawa